Safiyar Asabar ta iyalinka ce

Ɗana, daga Litinin zuwa Juma'a kana sammakon fita nema, yara suna hanyar makaranta da biredi a hannu, ba wanda ya ga fuskar wani da kyau. To idan Asabar ta zo, kada ka idar da sallar asuba ka zarce teburin mai shayi, a soya maka ƙwai, ka bar mutanen gida da ɗumamen tuwo. Koma gida ka karya da su, kuma ka sa hannu a girkin. Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah (SAW) yakan taya iyalinsa aikin gida, saboda haka kada wani ya ce maka shiga madafa zubar da girma ne.

Fara da abu mai sauƙi, wato fanken kasko, mai faɗin nan irin na sinasir. Tankaɗe fulawa kofi 2, ka sa bekin foda babban cokali 1, sukari cokali 2 da ɗan gishiri. A wani kwano ka kaɗa ƙwai 2 da madara kofi 1 da rabi da narkakken man shanu cokali 3, sannan ka juye a kan garin. A nan ne maza suke ɓata aiki, don sun ɗauka ƙarfi ake nunawa. Alkama tana da danƙo, kuma yawan bugu shi ke tayar da shi, fanken ya fito da tauri. Juya kaɗan har garin ya jiƙe, ko da sauran 'yan gudaji, ka rufe ka bar shi minti 10.

Wuta kuma a yi ta tsaka-tsaki. In ta yi yawa, baya ya ƙone ciki ɗanye. Shafa mai kaɗan a kasko, ka zuba ludayi guda, ka jira. Sai ka ga 'yan ramuka sun ɓullo a sama, gefe ya bushe, sannan ka juya, sau ɗaya tak, kuma kada ka danne shi da cokali. Sauri ya haifi nawa.

Sai ruwan zaƙin da ake kwararawa a kai. Mutanen Kanada daga bishiyar mapul suke tatso nasu, kuma sai an dafa kusan lita 40 na ruwanta kafin a samu lita 1, shi ya sa kwalbarsa take da ɗan karen tsada a manyan kantuna. Ba ka buƙatarsa. Ga mazarƙwaila ta raken Maƙarfi a kasuwa. Farfasa kofi guda, ka zuba ruwa kofi guda, ka jefa citta da kanumfari biyu, ya tafasa a hankali har ya fara kama bayan cokali. Matsa lemun tsami kaɗan don kada ya koma ƙanƙara, ka tace saboda tsakuwa. Ka sauke da ɗan ruwa-ruwa, domin yana ƙara kauri idan ya huce.

Ka kiyaye abu uku. Tafasasshen sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi, kuma yana manne wa fata, don haka ƙanana su yi nesa da murhu. In zuma za ka kwarara a maimakon mazarƙwaila, jaririn da bai cika shekara ba kada a lasa masa, likitoci sun hana. Sannan a yi zaƙin da awo: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin abincin yini, wato wajen ƙaramin cokali 12 ga babba. Na yaro bai kai haka ba.

Raba aikin: babba ya fasa ƙwai, mai bi masa ya tankaɗe gari, auta ta shimfiɗa tabarma. 'Ya'ya maza ma su shiga, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uwargida kuwa a ce ta zauna yau a kawo mata. Ajiye waya a ɗaki, ku yi bisimilla tare, ka saurari yaran. Wanda malami ya daka da wanda aboki ya ƙwace wa biro, a irin wannan zama suke faɗa. Idan an gama, ka tsaya a yi wanke-wanke da kai. Allah ya yi maka albarka, ya shirya maka zuri'a.