Shin Ya Halatta A Koyi Harshen Ƙasar Da Aka Ƙona Alƙur'ani?

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, wani matashi ya tare ni bayan sallar La'asar, ransa a ɓace. Ya ce yana koyon harshen Suwidin shi kaɗai, da littafi da wayar salula, don neman karatu a can, amma mahaifinsa ya hana shi, saboda a Istokholm aka ƙona Alƙur'ani a 2023.

Fushin uban gaskiya ne, ni ma na yi shi. To amma harshe bai ƙona kome ba, mutum ne ya ƙona. Allah ya ƙirga bambancin harsuna cikin ayoyinsa a Suratur Rum, aya ta 22. Manzon Allah (SAW) da kansa ya umurci Zaidu ɗan Sabit da ya koyi rubutun Yahudawa, a lokacin da ba a amince musu ba, ya kuwa iya shi cikin kusan rabin wata. Kuma da wannan harshen ne Muhammad Knut Bernström, jakadan Suwidin da ya musulunta, ya fassara ma'anonin Alƙur'ani a 1998. Danmak ma ta kafa dokar hana wulaƙanta littattafan addini a Disamba 2023, bayan muhawarar da aka yi da harshensu. Wanda bai ji harshen ba, wa zai saurare shi?

Yaron ya nuna mini abin da ya ba ni dariya. Suna cewa hus, gida, huset, gidan, kamar mu. Karin murya kuma yana sauya ma'ana: anden agwagwa ce ko ruhi, yadda muke bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya.

Inda na tsaya masa shi ne batun rashin malami. Harshe sana'a ce, mai haƙuri zai iya koyonta shi kaɗai, kuskurensa bai wuce a yi masa dariya ba. Fiƙihu da tafsiri kam sai a gaban malami. Kada nasarar farko ta ruɗe shi ya fara ba kansa fatawa daga waya.

Na kuma ce kada ya ci gaba a ɓoye, domin karatun nan mubahi ne, biyayya ga mahaifi kuwa wajibi. Mun shirya ranar Juma'a zan raka shi wurin tsohon.