Allurar Fritz Plaumann da Haƙƙin Tururuwa

A shekarar 1924 wani saurayi Bajamushe mai shekara 22, Fritz Plaumann, ya sauka tare da iyayensa a Nova Teutônia, ƙauyen baƙin manoma a cikin kurmin yammacin jihar Santa Catarina ta ƙasar Brazil. Sun baro Jamus ne bayan tsadar da ta mayar da kuɗin ƙasar takardar banza. Shekara 70 ya yi a ƙauyen nan har rasuwarsa a 1994, sana'ar da ta ɗaukaka sunansa kuwa ita ce kamun ƙwari. Ya kama, ya kashe, ya busar, ya soke da allura, ya sayar wa masana da gidajen tarihi na Turai da Amurka.

Bai yi karatun jami'a a fannin ba, amma ya iya aikinsa. Ƙwaron da ya fito daga hannunsa yana tafe da 'yar takarda mai ɗauke da sunan wurin da aka kama shi da lambobin wurin a taswira. Abin da ya riƙe wa kansa ya kai ƙwaro kusan 80,000 daga jinsi wajen 17,000, kuma kimanin 1,500 a cikin jinsunan da ya tattara masana ba su taɓa saninsu ba. Tun 1988 suna cikin gidan tarihi mai sunansa a gundumar Seara.

Wanda ya tsaya gaban akwatunan nan zai yi sha'awa, amma gawarwaki ne yake kallo. Shin ya halatta mutum ya ɗauke ran halitta don ya san ta, balle ya ci abinci da gawarta?

Musulunci bai raina wannan tambaya ba. Surori uku na Alƙur'ani suna ɗauke da sunayen ƙananan halittu: ƙudan zuma, tururuwa da gizo-gizo, kuma Suratul An'am ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi irinmu. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani annabi da tururuwa ɗaya ta ciza, ya sa aka ƙone gidansu ƙurmus, Allah ya yi masa wahayi yana zarginsa da halaka al'umma mai tasbihi. Abu Dawud ya kawo hanin kashe tururuwa da ƙudan zuma da alhudahuda. Amma shari'ar nan ita ce ta halatta cin fara, ta ba da izinin kashe kunama. Abin da take dubawa shi ne dalili da gwargwado: me ya sa aka kashe, kuma nawa aka kashe?

Idan aka ɗora Plaumann a wannan sikeli, yana da hujja mai nauyi. Ba a iya tantance ƙwaro mai girman ƙwayar gero yana shawagi a iska; sai an kwantar da shi ƙarƙashin madubin ƙara girma an ƙirga gaɓoɓinsa. Da irin wannan aiki aka bambance sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro da wanda ba ruwansa. Sannan kurmin da ya tarar ya yi ta ja da baya a kan idonsa, gatari da gonaki suna cinye shi, daga baya maganin feshi ya zo. Abin da waɗannan suka hallaka babu mai lissafinsa, babu ko takardar da ta ce ya taɓa rayuwa. Akwatunansa su ne shaidar abin da Allah ya zuba a wurin, kuma halittar da ba a san da ita ba, ba wanda zai tashi ya kare ta.

Inda zuciya ke ɗar-ɗar shi ne wajen ciniki. Mai neman sani ƙwari kaɗan daga kowane jinsi sun ishe shi, mai neman kuɗi kuwa ba ya cewa ya isa, kuma a kasuwar nan ƙarancin abu shi ke ɗaga farashinsa. Wato jinsin da ya kusa ƙarewa shi ɗan kasuwa ya fi farauta. Wannan ɓarna ce, ko da an lulluɓe ta da rigar ilimi.

Ga misali: malam-buɗe-littafi mafi girma a duniya, wanda aka raɗa wa sunan Sarauniya Alexandra, a wani ɗan yanki na Papua New Guinea kaɗai yake. Na farkon da ya isa Turai, wani mai tara ƙwari, Albert Meek, ya harbo shi da bindiga a 1906. Masu tarawa sun yi ta rububinsa har yarjejeniyar ƙasashen duniya ta CITES ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Haramcin ya taka wa 'yan kasuwa birki, sai dai gonakin kwakwar manja na ci gaba da cin kurmin da yake hayayyafa a lardin Oro, kuma su yarjejeniyar ba ta shafe su ba.