Abin da Babba Ya Hango

Hausawa suka ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Sun zaɓi rimi ne saboda da wuya ka sami itacen da ya kere shi tsawo a ƙasarmu, kamar yadda duk wanda ya san Zariya zai shaida. Manufarsu ita ce tsawon rai yana ba mutum idon da hawan bishiya ba ya bayarwa. Uban da ya ga yadda abokan banza suka jefa 'ya'yan unguwa cikin shaye-shaye, in ya ce wa ɗansa, "Kada in ƙara ganinka da wane," ba sai ya nemi yardarsa ba. Haka batun salla, da zuwa makaranta, da dawowa gida kafin magariba. A nan karin maganar tana kan gaskiyarta.

Matsalar ita ce yadda wasu iyaye suka mayar da ita abin toshe bakin yaro a kowane zance. Babba yana iya hango haɗarin da ke kan hanya, amma abin da ran yaro yake so da abin da kansa zai iya ɗauka, yaron ya fi kowa sani. Dubi abin da ke faruwa idan ɗalibi ya shiga aji huɗu na sakandare, lokacin da ake raba 'yan kimiyya da 'yan adabi da 'yan kasuwanci. Uba ya riga ya yanke cewa sai an yi likita a gidan, alhali 'yarsa ganin jini kaɗai yana sa ta jiri, ga ta kuma da kaifin baki irin na lauyoyi. Shi zai cike mata fom ɗin JAMB, ta faɗi, ta sake faɗuwa, daga baya a ce ba ta da ƙoƙari. Na aure kuwa ya fi wannan ɗaci, kuma marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu sun daɗe suna nuna mana inda auren dole yake ƙarewa.

Masu cewa sauraren yaro ɗabi'ar Turawa ce su koma ga abin da ke hannunmu. An kawo wa Annabi (SAW) abin sha, yaro na damansa, dattawa na hagunsa. Ya nemi izinin yaron ya fara ba dattawan, yaron ya ƙi sarayar da rabonsa, sai ya miƙa masa. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa Malik da ake karantawa a zaurukanmu. Khansa'u bint Khidham ta kai wa Annabi (SAW) ƙarar mahaifinta da ya aurar da ita ba da sonta ba, aka warware auren. Annabi Ibrahim (AS) ma da ya yi mafarkin yanka ɗansa, sai da ya tambaye shi ra'ayinsa. Dokar kare haƙƙin yara da Najeriya ta yi a 2003 ta tarar da wannan a gabanta da ƙarnoni.

Gaskiya ne tarbiyyarmu tana da kunya. Yaron kirki ba ya ɗaga ido ya ce, "Baba, ba na so." Zai sunkuyar da kai ya ce "to", ɗan fari kuwa wata uwar ko sunansa ba ta kamawa, balle su zauna hira. Shi ya sa magabata suka bar ƙofar kaka da gwaggo da kawu a buɗe. Jika yana wasa da kakarsa, a cikin wasan nan yake amayar da abin da ba zai iya faɗa wa iyayensa ba. Yanzu da aka watse zuwa gidajen haya, kowa da 'ya'yansa, ƙofar nan ta rufe a gidaje da yawa, ba a kuma buɗe wata ba.

Saurare ba ya nufin bin duk abin da yaro ya ce. Kana iya jin ta bakinsa, ka auna, ka ƙi, ka kuma gaya masa dalili. Sai dai wanda bai taɓa zaɓen ko launin yadin sallarsa ba, yaya za a yi ya iya zaɓen sana'a ko abokin zama in ya girma? Iyaye, ku fara daga kan ƙananan abubuwa tun wannan sallar da ke tafe: kafin a kai yadi wurin tela, a kira mai kayan a tambaye shi ɗinkin da yake so.