Sai An Ga Gyambo Kafin A Ba Da Haƙƙi?

A wurin Bahaushe, mutumin kirki shi ne mai rufe gazawarsa. Za ka iske dattijo ciwo ya cinye shi, ka ce masa "Baba, yaya jiki?" sai ya ce "Da sauƙi, alhamdu lillahi." To, ina makomar wannan hali ranar da hukuma ta ce ba za ta agaza wa nakasasshe ba sai ya zayyana mata a rubuce duk abin da ya kasa?

Bari mu ɗauki Ingila, inda tsarin ya kankama. A 2013 gwamnatin Birtaniya ta fara maye gurbin tsohon alawus ɗin nakasassu na 1992 da wani sabo da ake kira PIP. Mai nema zai cike dogon fom, a tambaye shi ko yana iya dafa abinci, ko yana iya wanka da sa tufa, ko yana iya kewayawa bayan gida ba tare da an kama shi ba. Kowace gazawa da makinta, kamar jarrabawar makaranta, sai dai a nan wanda ya fi kasawa shi ke cinyewa: maki 8 ya ba ka ƙaramin alawus, maki 12 ya ba ka babba. Ta fuskar tafiya kuwa, a da ana auna mutum ne da mita 50, sai aka rage zuwa mita 20. Wanda ya cije ya ja ƙafa ya wuce mita 20, ƙoƙarin nasa na iya raba shi da babban alawus, har da motar da ake ba nakasassu haya da shi.

Mai karatu, dubi abin da wannan ke koya wa mutum. Shekara da shekaru likita da iyali suna ce masa ya daure, ya tashi, kada ya sare. Ranar cike fom kuwa sai masu ba da shawara su ce masa kada ya kuskura ya ce da sauƙi, ya tuno ranakun da suka fi muni ya rubuta su dalla-dalla. Mai kunya ya rage magana ya faɗi, mai baki ya yi bayani ya samu. Ke nan ma'aunin bai tsaya ga ciwo kaɗai ba, har iya magana da ƙarancin kunya yana aunawa. Suratul Baƙara ta ja hankalinmu ga matalautan da wanda bai sani ba ke zaton mawadata ne saboda kamun kansu. Irin waɗannan su ne fom ya fi cuta.

Amma fa kada mu yi wa gwamnati rashin adalci. Kuɗin na masu biyan haraji ne, cikinsu har da mai sharar titi, kuma baitulmalin da ba a tsare ƙofarsa 'yan zamba za su wawashe, su bar mai haƙƙi yana hamma. Bincike dole ne. Abin da nake ja da shi shi ne daga ina binciken ke tasowa, daga yarda ko daga zargi. Wanda aka hana a Ingila sai ya fara roƙon ma'aikatar ta sake duba hukuncinta, in ta ƙi sannan ya je kotu mai zaman kanta, kuma shekaru da dama a jere wajen kashi biyu bisa uku na ƙararrakin da aka saurara masu nema ne suka yi nasara. Wannan adadi na waɗanda suka iya jure watannin jira ne. Wanda ya gaji ya haƙura tun a matakin farko ba ya cikin lissafi, kuma shirunsa ana ɗaukarsa kamar ya yarda da hukuncin.

Mu a nan muna da namu salon. A 2007 gwamnatin Sule Lamido a Jigawa ta fara biyan wasu nakasassu naira 7,000 a wata, a 2019 kuma aka sa hannu kan dokar tarayya ta hana nuna musu bambanci, wadda ta tanadi takardar shaidar nakasa. Duk inda aka ce takardar shaida, tambayar nan ta dawo: wa zai auna, kuma da wane ido? Gurgu da makaho kowa na ganinsu. Mai farfaɗiya ko mai taɓin hankali da ya zo ofis da wankakkiyar riga fa? (Mu marubuta ma, sau nawa nakasasshe ke shigowa littattafanmu ba da ƙoƙon bara a hannu ba?)

Akwai waɗanda suka gwada wata hanya. A 2022 Sikotilan ta kafa nata alawus ɗin a madadin PIP. Ta riƙe tsarin makin kusan yadda yake, har da mita 20 ɗin nan, amma ta daina miƙa tantancewa ga kamfanoni masu zaman kansu, ta kuma yarda hukumar ta nemo wa mai nema bayani daga likitansa in ya buƙata. Ba a kiransa a yi masa tambayoyi sai in takardun sun gaza bayyana halin da yake ciki.