Ko Matalauci Yana da Haƙƙi a Cikin Ilimin Jami'a?

Malaman fiƙihu sun daɗe da ƙididdige abubuwan da zakka take hawa kansu, wato zinariya da azurfa, da dabbobin kiwo, da amfanin gona, da kayan fatauci, kuma duk wanda ya sauke Risala a zaure ya san nisabin kowanne, ya san kuma mutanen nan kashi takwas da Suratut Tauba ta ware domin karɓa. Amma ilimi ba ya cikin lissafin. Saboda haka babu mai tsammanin Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Zamfara ta aika wa shehin malami a jami'a da takarda tana neman ushirin abin da ya sani. Duk da haka tambayar tana nan: tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013, a bakin hanyar Zariya, shin manomin Bunguɗu da mai sana'ar Tsafe suna bin ta wani haƙƙi, ko kuwa duk abin da ta yi musu alfarma ce, in ta ga dama ta yi, in ta ga dama ta bari?

Ni dai a ganina haƙƙi ne, hujjata kuwa tana cikin babin farali kifaya. Imam Gazali, a cikin Ihya'u Ulumid Din, ya sanya likitanci da lissafi, har da noma da saƙa, cikin abubuwan da in aka rasa mai tsayuwa da su a gari, laifi ya hau kan jama'a baki ɗaya. To, abin lura shi ne, shari'a ta wajabta waɗannan ilimoma domin buƙatar da suke toshewa, don haka muddin buƙatar tana buɗe, ba a ce farali ya sauka ba don kawai an sami wanda ya haddace ilimin ya karɓi shahada. A rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar na 2019, kusan kashi 74 cikin 100 na mutanen Zamfara suna cikin talauci, alhali na ƙasa duka bai wuce kashi 40 da ɗan ɗoriya ba. Kuɗin da aka gina azuzuwan jami'ar da su kuwa na baitulmali ne, wanda waɗannan mutane suke da rabo a ciki.

Wani zai ce aikin jami'a koyarwa ne da bincike, raba dukiya kuwa aikin hukuma ne da attajirai, kuma malamin da albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, zalunci ne a ɗora masa talaucin lardi guda. Akwai gaskiya a maganar, ban kuwa ce jami'a ta koma gidan rabon hatsi ba. Abin da ake nema gare ta yana da kama da abin da Jami'ar Purdue ta Amurka ta yi daga 2007, tare da masu binciken noma na Maraɗi, game da ajiyar wake. Kowa ya san yadda manomi yake sayar da wakensa da kaka a wulaƙance don tsoron ƙwari, sa'an nan ya dawo da bazara ya saya da tsada, ko ya faɗa hannun masu ba-da-kaka, ko kuma ya barbaɗa masa maganin da yake cutar da mai ci. Maganin da suka kawo buhu ne mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda in an ɗaure shi tamau ƙwarin suke shanye iskar da ke ciki su mutu. Amma abin da ya fi buhun muhimmanci shi ne yadda aka kai shi: a dandalin ƙauye aka ɗaure, da waken mutanen ƙauyen, aka bar shi watanni, sa'an nan aka kwance a gaban idonsu, domin manomi ba ya sayen magana sai ya ga zahiri, kuma yana da hujja, tun da in shawara ta ɓaci malami ya yi asarar takarda, shi kuwa ya yi asarar cimakar shekara.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. 'Yandoto, a ƙasar Tsafe, ta yi suna da malanta tun kafin jihadi, Gusau kuma almajirin Shehu Usmanu ne ya kafa ta, Malam Sambo Ɗan Ashafa. Makarantun wancan zamani kuwa ba su da ganuwa tsakaninsu da gari, ga malam ake zuwa rabon gado da sulhun iyakar gona. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi talifi musamman kan hukunce-hukuncen neman halal, ya kuma hori sarakuna da su raya masu sana'a da kasuwanni. Ba na cewa wancan zamani ya kawar da fatara, amma malaminsa ya san farashin gero.

Saura batun tsaro, wanda shi ne uzurin da ya fi kowanne nauyi, domin ba a tura ɗalibi binciken ƙasar noma a dajin da manomin kansa sai ya biya 'yan bindiga kafin ya yi girbi. Shari'a ba ta kallafa wa rai abin da ba ya iyawa. Sai dai a watan Satumba na 2023, da aka shiga ƙauyen Sabon Gida cikin dare aka kwashi ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, galibinsu mata, ya bayyana cewa masifar ƙauye ba ta tsayawa a ƙofar makaranta. Kuma mutanen da ba a iya isa gonakinsu, da yawansu yanzu suna cikin Gusau da Tsafe suna gudun hijira, mata da marayu, inda mai koyar da lissafin jari ko ajiyar amfanin gona zai iya samunsu da ƙafa bayan sallar la'asar.