Ruwan da ke ƙarƙashin ƙanƙara

Asubar hunturu ce. Ruwan buta ya kwana a waje, da na zuba a hannu sai yatsuna suka ƙage. Ina zaune ina hura musu iska, hankalina ya tafi wani wuri da sanyinsa ya sa namu ya zama wasan yara.

Zuhal, duniyar nan mai zobba, tana da wani ƙaramin wata da ake kira Ensiladus. Faɗinsa wajen kilomita 500 ne kawai. William Herschel ne ya fara hango shi a 1789, ɗigon haske kawai a madubin hangen nesa. Fari ne fat, ƙanƙara ta lulluɓe shi ko'ina, har kusan duk hasken ranar da ya sauka a kansa sai ya mayar da shi. Sanyin bayansa ya kai wajen digiri 200 ƙasa da sifili. Wanda ya dube shi daga nesa zai ce matacce ne, ya wuce abinsa.

A 2005 kumbon Kasini ya matsa kusa, ya ga abin da ba a zata ba. A kudancin watan akwai dogayen tsagogi huɗu, tururin ruwa da ɓarɓashin ƙanƙara na feshi daga cikinsu zuwa sararin sama ba dare ba rana. Kumbon ya ratsa ta cikin feshin, aka sami gishiri a ciki. Ashe teku ne kwance a ƙarƙashin ɓawon, cikin duhu, bai daskare ba. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci!

Me ya hana shi daskarewa, alhali rana ta yi masa nisa haka? Matsi. Watan yana kewaya Zuhal cikin awa 33 ko kusa da haka, hanyarsa kuma ba da'ira ce cikakkiya ba: ya matso, ya ja baya. In ya matso, ƙarfin jan uwar duniyar ya murɗe shi, in ya yi nisa ya sake shi. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya yana miƙewa don ya karya ta ya san yadda take zafi a gaɓar, har ta ƙona yatsa. Haka cikin wannan wata ke samun ɗumi. Yuropa, watan Mushtari da Galileo ya gani a 1610, shi ma alamu sun nuna da irin wannan murɗa yake riƙe da nasa tekun.

Ba zan ce wa mai cikin matsi ya yi murna ba. Bashi da jinya da rashin aiki ba abin daɗi ba ne, wanda ya kwana da su shi ya san nauyinsu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne daɗewar tekun nan yana nan, ba idon da ya gan shi, ba bakin da ya yabe shi, sai Wanda ya ajiye shi. Mu kuwa sai 2005 muka fara jin ƙamshin labarin.

Akwai safiyar da nake tashi zuciyata kamar bayan watan nan, addu'a ta fito daga leɓe kawai, ba ɗumi. Akwai kuma maƙwabcin da na daɗe da yanke wa hukunci saboda fuskarsa a ɗaure take, ban taɓa matsawa kusa na ji abin da ke murɗa shi ba.

Ya Ubangiji, Kai da ba Ka bar ruwan can ya daskare ba, kada Ka bar nawa ya daskare. Ka ba ni haƙuri da mutanen da ban ga cikinsu ba. Yau in na fita, maƙwabcin nan zan fara yi wa sallama, in tsaya har ya gama amsawa.