Kada Ka Yanke Wa Mutum Shari'a Tun Ba Ka Tambaye Shi Ba

Ya ɗan'uwana mai karatu, akwai wata cuta a zuciyar ɗan Adam wadda mai ita ba ya ganinta. Idan ni na makara, sai in ce hanya ce ta ɓaci. Idan maƙwabcina ya makara, sai in ce rago ne. Laifina na ɗora wa halin da nake ciki, nasa kuwa na ɗora wa halinsa. Wannan son zuciya ne, yakan ɓata har aikin masu ilmi.

Ka dubi gonakin Kurfi da Dutsin-Ma, inda manomi yakan shuka gero da dawa da wake a gona ɗaya. Haka ake yi a dukan ƙasar Hausa. Shekaru da yawa malaman gona suna ganin jahilci ne da taurin kai. Saboda haka suka shirya iri da taki da shawara domin mai shuka abu ɗaya, manoma da yawa kuwa suka ƙi. Amma wajen 1966 wani mai bincike a Samaru, David Norman, ya shiga ƙauyukan Zariya, wato Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, ya auna aiki da amfanin gona. Ya tarar haɗa shuka ya fi kawo riba a kowace eka; in kuwa damina ta yi gardama, wani ya lalace, wani yakan tsira. Ashe abin da aka kira wauta hikima ce ta mai gudun yunwa.

Nan kusa da mu ga madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gama a 1983 a kan kogin Karaduwa domin noman rani da ruwan sha. Wanda duk zai tsara wa jama'a magudana ko famfo, idan ya ga mace ta wuce famfo ta nufi rafi, kada ya ce ba ta san tsabta ba. Bari ya tambaye ta: ko nisa ne, ko kuɗi, ko tsawon jira? Gama idan mudu ya lanƙwashe, dukan awo ƙarya ne.

Kai ma fa, ɗan'uwana, kana da mata, ko yaro, ko bara. Kafin ka ce da shi rago, ka ba shi uzurin da kake ba kanka, ka zauna ka ji bakinsa. Wanda ya raina mutum ba zai taɓa sanin bukatarsa ba, balle ya taimake shi.